Kasuwar Bakin Taga: Abin da Tsayawar Jirgi Ta Yi wa Kafanchan

Akwai wata irin kasuwa wadda ba ta da ranar ci, ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa. Tana ci ne idan abin hawa ya tsaya, tana watsewa da zarar ya ɗaga. A wannan zamani an fi ganin ta a tashoshin da manyan jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa suke yada zango, irin su Nassau a tsibiran Bahamas da Cozumel a Meziko, har da Dakar da Banjul da Takoradi a nan Afirka ta Yamma, inda fasinjoji kan sauka da safe, su yi 'yan sa'o'i suna sayen abin da suka ɗauka kayan ƙasar ne, kafin magariba su koma jirgi. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan ciniki. Tun zamanin da jiragen kamfanin Elder Dempster suke jigilar fasinja tsakanin Ingila da Legas, har zuwa 1974 da jirginsu mai suna Aureol ya daina zuwa, 'yan kolin Hausawa sun yi suna a garuruwan bakin teku wajen sayar wa Turawa kayan fata da na tagulla da sassaƙe-sassaƙe. Amma Arewa ba ta da teku, don haka wanda yake son ya ga yadda cinikin matafiyi mai sauri yake gina gari a ƙasarmu, sai ya dubi tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, a Kudancin Kaduna. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, tsayawar jirgi ce ta raya wannan gari fiye da wucewarsa, kuma a cikin duk dukiyar da ta bi ta wannan layi, wadda ta fi saurin shiga hannun mutanen ƙasar ita ce 'yar ƙaramar da aka riƙa miƙawa ta taga.

Cinikin mai wucewa ya girmi layin dogo a wannan yanki. Hanyar fatake da ta taso daga Kano da Zariya ta nufi ƙasashen Binuwai ta ratsa ta nan, kuma Zangon Katab masaukin ayari ne tun kafin jihadi. Baturen nan Richard Lander, bayan rasuwar maigidansa Clapperton a Sakkwato a 1827, ya biyo ta ƙasar Katab ya ga hada-hadar da ake yi, ya kai har Daroro kafin mahayan Sarkin Zazzau su mayar da shi. A gindin duwatsun Daroro ɗin ne Malam Usman ya kafa Jama'a a wajejen 1810, ta zama masarauta a ƙarƙashin Zazzau. Ayari idan ya sauka yana bukatar hatsi da itace da ciyawar jakuna, mutanen ƙauyuka kuma suna bukatar gishiri da kanwa da tufafi da kayan ƙarfe, don haka an yi ciniki. Sai dai gaskiya ɗaya ce, an yi shi ne a ƙarƙashin tsoro. Wannan ƙasa ta sha hare-haren neman bayi, kuma bayi suna cikin gaisuwar da ake kai wa Zazzau. Mutumin da ya san za a iya kama shi a hanyar kasuwa ba zai saki jiki da baƙo ba, shi ya sa al'ummomi irin su Kagoro suka riƙe duwatsunsu. An sami masauki, an sami mai saye, amma ba a sami kasuwar da kowa zai shiga hankali kwance ba.

Layin dogon da ya zo daga baya ba don mutanen Fantswam, masu asalin Kafanchan, aka shimfiɗa shi ba, ba kuma don Bajju ko Atyap ko Ham ko Kaninkon ba. Turawa sun gano kwal a yankin Inugu a 1909, suka fara gina layi daga Fatakwal a 1913, ya isa Inugu a 1916. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ci gaba da shi ta Makurɗi, zuwa 1927 ya haɗe da layin Legas zuwa Kano a Kaduna, a shekarar kuma aka fitar da reshe ya hau tudun Jos. Wurin da reshen ya rabu da uwar layi shi ne Kafanchan. Lissafin mai sauƙi ne: kwal ya hau zuwa ma'adinan kuza, kuza ya gangara zuwa teku. Kafin nan kuzan Jos yana bin wani siririn layi ne zuwa Zariya, wanda aka gama a 1914. Gadar Makurɗi ba ta samu ba sai 1932, kafin ita a jirgin ruwa ake tsallakar da taragu kogin Binuwai. Abubuwa biyu suka ƙara ɗaga darajar Kafanchan daga baya. A 1957 aka rufe siririn layin Zariya, Jos ta rasa wata mafita ta dogo sai ta nan. Sannan tsakanin 1958 da 1964 aka ja layi daga Kuru ta Bauchi da Gombe har Maiduguri. Daga wannan lokaci duk wanda ya hau jirgi a Barno ko Bauchi ko Filato, ko Legas za shi ko Kano ko Fatakwal, tilas ya bi ta Kafanchan.

Tashoshi da yawa jirgi yana bi ta cikinsu ba su zama komai ba, don haka bin hanya kaɗai bai isa ya bayyana abin da ya faru ba. Abin da ya bambanta mahaɗa da ƙaramar tasha shi ne daɗewa. Kan jirgin wancan zamani da tururi yake aiki, yana cin kwal yana shan ruwa, kuma wanda zai hau tudun Jos ta Kagoro da Manchok yana bukatar ya cika cikinsa kafin ya fuskanci hawan. A mahaɗa ake canza kan jirgi, a canza direba da mai zuba wuta, a kwance taragun da za su gabas daga waɗanda za su arewa, a ɗaura wasu. Layin kuma guda ɗaya ne, jirgi ba ya tashi sai an tabbatar wanda yake tahowa ya ba shi hanya. Ga kuma fasinjan da ya sauka daga wani jirgi yana jiran wani, wanda idan an yi latti sai ya kwana a tasha. Duk wannan a wurin hukumar jirgi ɓata lokaci ne, a wurin mai talla kuwa shi ne jari. Ka ɗauki mutumin da ya baro Fatakwal ko Maiduguri tun jiya, guzurinsa ya ƙare, ruwansa ya yi zafi, ga yara suna kuka, ga kuma mutanen gida da ba zai shiga musu hannu rabbana ba. Yunwa da tsaraba, su ne ginshiƙai biyu na wannan kasuwa. Na farko yana sa a sayi ƙosai da dafaffen ƙwai da tsire da fura da nono da gyaɗa, a ci nan take. Na biyu shi ya fi muhimmanci ga tarihin yankin, domin shi ne yake ɗaukar amfanin gonar wuri ya kai shi gidajen da ba su taɓa jin sunan ƙauyen da aka noma shi ba.

A nan ne Allah ya yi wa Kafanchan gata da inda ya ajiye ta. Garin yana gindin tudun Jos ta kudu maso yamma, inda iskar damina take karo da duwatsu ta zubar da ruwa mai yawa, shi ya sa ake samun kurmi da ƙoramu masu gudu da magangarar ruwa irin ta Matsirga, har da itatuwan kwakwar manja, abin da mutumin Katsina ba ya tsammanin gani a Arewa. Iyaka ce tsakanin ƙasar hatsi da ƙasar doya. A gona ɗaya za ka iya samun dawa da acca da gwaza da rizga da citta, a bayan gida ga ayaba da lemo da mangwaro da atili, a daji ga amya cike da zuma. Ma'anar wannan ga mai talla ita ce jirgi ta kowace fuska ya fito, akwai abin da fasinjansa ba shi da shi a inda za shi. Mai zuwa Kano ko Nguru ko Maiduguri yana neman doya da manja da 'ya'yan itace, waɗanda a can suke da tsada. Mai gangarawa Inugu ko Aba yana neman wake da gyaɗa da barkono da zuma da naman da ya fi araha a nan. Tashar da take tsakiyar ƙasar gero hannu ɗaya take sayarwa, haka ma wadda take tsakiyar kurmi. Kafanchan hannu biyu take sayarwa, wasu ranakun ma uku. Kuma ba a tsaya ga abin da ƙasa ta fitar kawai ba, an sarrafa. Matan yankin sun shahara da yin daddawa da waken soya tun kafin yawancin ƙasar Hausa ta san wannan wake abin ci ne, kuma kaya irin wannan, mara nauyi, mai daɗewa bai lalace ba, shi ne ainihin abin da matafiyi yake iya cusawa a jaka.

Sai a tambaya, wa ya amfana? Mulkin mallaka ya ɗora wa mutane haraji da kuɗin Bature, ba da dawa ko akuya ba. Magidanci a ƙauyen Bajju ko Kagoro hanyoyinsa na samun sulalla kaɗan ne: ya tafi haƙar kuza a Filato ko a ma'adinan da ke cikin ƙasar Jama'a kanta, ya yi lebura a layin dogo, ko ya sayar da amfanin gona. Na farkon aiki ne mai cin rai, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma da ƙarfi aka riƙa ɗibar mutane zuwa ramukan kuza. Tasha ta buɗe wata ƙofa wadda ba ta raba mutum da gonarsa. Mace ta ɗauko kwandon lemo ko ƙullin doya ta yi sammako, ta dawo da tsabar kuɗi a ranar, babu awo a sikelin kamfani, babu jiran ɗan kamasho. Ma'aikatan reluwe kansu, da iyalansu da suka cika barikin tasha, masu albashi ne da ba sa noma, sun zama kasuwa ta dindindin a bayan ta fasinja. Mafi ƙarfin shaida a kan nauyin da wurin ya yi ita ce abin da sarauta ta yi. A 1933, shekara shida kacal bayan haɗewar layukan, Sarkin Jama'a Muhammadu ya mayar da hedkwatar masarautarsa zuwa Kafanchan. Sarki ba ya barin garin kakanninsa don ya ji ƙarar jirgi. Ya bi jama'a ne da kasuwa da haraji zuwa inda suka koma.

Mai musu na farko zai ce wannan duk tsince-tsince ne, kuɗin gaske yana cikin taragun kaya, musamman citta. Maganarsa tana da tushe. Masana aikin gona suna sanya farkon noman citta don fitarwa waje a wannan yanki a wajejen 1927, daidai da zuwan jirgi, kuma ba haɗuwar banza ba ce, domin busasshiyar citta ba ta da amfani ga ɗan kasuwar Ingila sai an sami abin da zai kai ta teku. Daga nan ne tafin giwa da yatsun biri, nau'o'in citta biyu da aka sani a Kachia da Kwoi da Kagarko da Jama'a, suka sa Najeriya ta shiga sahun gaba a duniya wajen wannan amfani. Buhu ɗaya na citta ya fi tiren lemo ɗari, ba a ja da wannan. Amma a bi buhun a ga inda kuɗinsa yake sauka. Manomi ya noma, matansa da 'ya'yansa sun tsaga sun shanya, dillali ya saya, wakilin kamfani ya tara, kamfani ya loda, kuma farashin a wata ƙasa aka yanke shi. Kowane hannu ya yagi nasa, mafi ƙanƙanta shi yake komawa gona, sau ɗaya a shekara. A cinikin taga kuwa tsakanin mai nomawa da mai ci sau da yawa hannu ɗaya ne ko biyu, kuɗin yana zuwa kowane mako, kuma yana shiga hannun wadda take sayen gishiri da sabulu da littafin makaranta. Akwai kuma batun dogaro da abu guda. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna ta ruɓar da gonaki masu ɗimbin yawa, gidajen da suka zuba komai nasu a kanta suka wayi gari ba uwa ba riba. Kasuwar da take sayen abu ashirin daga gona ɗaya ba ta mutuwa da ciwon abu guda.

Mai musu na biyu zai ce cinikin mai wucewa makarantar ha'inci ce, tunda mai saye ba zai dawo ya yi ƙorafi ba. Wannan ma ba ƙarya ba ne, kuma duk wanda ya san tashoshin jirgin ƙasar nan ya san dabarun: zuman da aka sirka da sukari, kwandon da aka jera masu kyau a sama ruɓaɓɓu a ƙasa, mai talla da yake jan ƙafa wajen ba da canji har jirgi ya motsa. Ta ɗaya ɓangaren ma akwai fasinjan da yake karɓar kaya ya yi ta lalube a aljihu har a busa usur. A tashoshin jiragen ruwa na shaƙatawa abin ya fi haka muni, domin yawancin fasinja sau ɗaya zai taka wurin a rayuwarsa, kuma da yawa daga cikin abin da ake sayar masa da sunan aikin hannun mutanen gari a masana'antun wata nahiya aka yi shi. Sai dai Kafanchan ta bambanta ta fuska biyu. Na farko, fasinjanta ba ɗan yawon ido ba ne. 'Yan kasuwa ne masu hawa da sauka duk wata, da ɗalibai masu tafiya hutu sau uku a shekara, da sojoji, da ma'aikata, da direbobi da gadi-gadin jirgi waɗanda suke bin layin kowane mako suna yi wa maƙwabta sautu. Irin waɗannan suna gane fuska, suna da wadda suke kira da suna tun jirgi bai gama tsayawa ba, kuma wadda ta cuce su sau ɗaya ta rasa su har abada tare da duk wanda suka gaya wa. Na biyu, kayan da ake sayarwa abinci ne, kuma mai sayen ya san abinci. Ana iya yaudarar Bature da gunkin da aka shafa wa ƙasa don ya yi kama da tsoho, amma da wuya a yaudari matar Inugu a kan doya. Da ha'inci ne ya yi rinjaye, da sunan kayan yankin bai kai inda ya kai ba.

Musu na uku shi ya fi nauyi, kuma bai kamata marubucin Hausa ya kauce masa ba. Za a ce garin da jirgi ya gina garin baƙi ne: Ibo da Yarbawa a ofisoshin reluwe da kantuna, Hausawa a rumfunan kasuwa da dillanci da fawa, kuɗin kasuwa kuma yana shiga baitulmalin En'e, alhali masu ƙasar suna kawo kaya a ka suna komawa ƙauye. Akwai gaskiya mai yawa a nan, kuma tarihin yankin ya nuna cewa tambayar wa yake riƙe da kasuwa ba ta wasa ba ce. Rikicin Zangon Katab na watan Fabrairun 1992, wanda ya sake ɓarkewa a watan Mayu ya ci rayuka masu yawa, a kan mayar da kasuwa wani sabon wuri ya faro. Kafanchan kanta ta ga tashin hankali a 1987 da 1999, kuma a rikicin bayan zaɓe na watan Afrilun 2011 aka ƙone babbar kasuwarta, Musulmi da Kirista duka suka yi asara. Amma wannan musu, idan aka bi shi a hankali, yana ƙarfafa hujjata ne. Rumfa tana bukatar jari da izini da sanin wani, shi ya sa take iya zama gadon wasu, wasu kuma su ji an rufe musu ƙofa. Bakin jirgi ba ya bukatar komai sai tire da ƙafa. Bafulatana mai ƙwaryar nono da matar Kaninkon mai ayaba da Bahaushe mai tsire da yaron Ibo mai burodi suna bin tarago ɗaya, kuma fasinjan da yake leƙowa ba ya tambayar addinin mai lemo, zaƙinsa yake tambaya. Ban ce wannan ya warkar da tsohon miki tsakanin al'ummomin yankin ba, bai warkar ba. Abin da na ce shi ne, a cikin duk kasuwannin garin, ita ce wadda ƙofarta ta fi faɗi, kuma ita ce ta fara mutuwa.

Mutuwar ba dare ɗaya ta zo ba. Kashe-kashen 1966 sun sa ma'aikata da 'yan kasuwa 'yan Gabas sun bar Arewa, da yawansu ta wannan layi suka gudu, sannan yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar Fatakwal gaba ɗaya. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 a 1964, amma a 1974 ba su kai miliyan 5 ba. Kuɗin man fetur ya tafi ga tituna, tirela da bas suka kwashe kaya da mutane, ma'adinan kuza suka durƙushe. An kawo Indiyawa na kamfanin RITES suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. An ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyara a 1995, ba ta dawo da jirgin yadda yake ba. Jirgin da yake zuwa kullum ya koma na mako-mako, daga baya ya zama sai an gan shi. Mai talla tana iya jure wa jirgin da yake latti, ita ma ribarta ce, amma ba ta iya dafa ƙwai saboda jirgin da ba a san ranar zuwansa ba. Har yau Kafanchan ce hedkwatar shiyyar Arewa ta Tsakiya ta hukumar, ga faɗin fili ga layuka birjik, amma babu fasinjan da zai leƙo.

Za a iya cewa ba a yi asarar komai ba, kasuwar ta tashi ne kawai ta koma bakin titi. Lalle wanda ya bi hanyar Akwanga zuwa Jos ta Gwantu da Fadan Karshi, ko ta Kagoro da Manchok, zai ga doya da lemo da jarkokin manja da kwalaben zuma a jere, motoci suna tsayawa ana ciniki. Manyan kasuwannin sari ma suna nan da ransu, na citta a Kwoi da Kachia da Kubacha, da kasuwar aladu ta Katsit da take ci ranar Alhamis, wadda 'yan kasuwar Kudu suke zuwa da manyan motoci. Amma a lura da bambancin. Jirgi yana sauke ɗaruruwan masu saye a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, tilas ya tsaya ko direba ya so ko bai so ba. Mota mutum goma sha take ɗauka, tsayawarta ganin damar direba ce, kuma a shekarun nan da satar mutane ta addabi hanyoyin Kudancin Kaduna, direba mai hankali ba ya son tsayawa inda bai sani ba. Titi ya warwatsa cinikin ya sirantar da shi, ya ajiye mata da yara a gefen kwalta suna bin mota da gudu. Sannan babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna da ta Abuja zuwa Jos ta Akwanga duk sun kauce wa garin. Jirgi ba shi da yadda zai yi ya kauce wa Kafanchan, mota kuwa tana da shi, kuma ta yi.

Dalilin da ya sa wannan tarihi ya wuce abin tunawa shi ne ana maganar dawo da jirgin. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri mai tsawon kilomita 1,443, kuma zuwa 2024 ɓangaren Fatakwal zuwa Aba ya fara aiki. Idan Allah ya sa aikin ya iso Arewa, abin tsoron shi ne a dawo da jirgi ba tare da kasuwarsa ba. Mun ga samfurin a layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wanda ya ratsa ta Jere a ƙaramar hukumar Kagarko: tasha a killace, nesa da tsakiyar gari, tsayawa ta 'yan mintoci, tagogi a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki. Fasinja yana ratsa ƙasar citta da doya bai sayi ko ƙwaya ɗaya daga hannun mai ita ba. Haka manyan kamfanonin jiragen ruwa suka yi wa garuruwan bakin teku. Suna raba wa fasinja jerin kantunan da suka amince da su, waɗanda suke biyan kuɗi kafin a sa sunansu, wasu ma sun kama wuraren kansu, kamar Labadee a arewacin Haiti da kamfanin Royal Caribbean ya karɓa haya tun 1986 ya kewaye da shinge, ba mai shiga ya sayar sai wanda aka ba izini. Jirgi yana zuwa, ana ƙirga dubban baƙi a takarda, kuɗin yana komawa cikin jirgin. Na san za a kawo maganar tsaro, kuma bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ba mai hankalin da zai raina ta. Na san kuma tsohuwar kasuwar tana da aibin da ba a so ya dawo, musamman yaran da aka hana makaranta aka ɗora musu tire, suna tsallaka layi a gaban jirgi. Amma maganin waɗannan tsari ne, ba kora ba.

Tsarin kuma ba mai wuya ba ne, matuƙar an sa shi a zane tun kafin a zuba siminti. A ware fili a cikin harabar tashar Kafanchan, bayan wurin bincike, a yi rumfuna masu arha. A yi wa masu sayarwa rajista ta hannun ƙungiyoyin manoma da na mata, manya kawai ban da yara, kuma a raba gurabe tsakanin dukkan al'ummomin garin da ƙauyukan kewaye a fili kowa yana gani, domin tarihin yankin ya riga ya nuna abin da rabon kasuwa a ɓoye yake haifarwa. A sa ma'auni guda, a rubuta sunan mai zuma da ƙauyensa a jikin kwalba. Sama da duka, a rubuta tsayawa mai tsawo a jadawalin jirgi, tunda mahaɗa ce, dama sai an jira. Wannan aiki ne na hukumar jiragen ƙasa da gwamnatin Jihar Kaduna da ƙaramar hukumar Jama'a, amma ba za su yi shi don kansu ba, domin injiniya lissafin gudu yake yi, ba na ciniki ba. Ya rage wa Sarkin Jama'a da sarakunan Fantswam da Kagoro da Bajju da Kaninkon, da 'yan majalisar yankin da shugabannin kasuwa, su nemi ganin zanen tashar tun yanzu, su tambayi inda aka ajiye wa mai tire wurinta, kuma kada su yarda da zanen da ba shi da amsa.